Kwaɗo da Mabuɗi: Yadda Siffar Sinadari Ke Motsa Tsoka



Laccar yau ta shafi wani ɗan ƙanƙanen wuri ne a jikinmu, watau inda jijiyar saƙo ta ƙare, tsoka ta soma. Jijiyar ba ta taɓa tsokar, akwai 'yar rata tsakaninsu. To, ta yaya umurni ke ƙetare ratar har mutum ya ɗaga hannu, ko ya ja numfashi? A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu, ya tsokani jijiyar ta fari har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma sai ta lafa. Ashe jijiya wani sinadari take fesowa, wanda aka tabbatar daga baya asitilkolin ne.

Manzo kuwa sai da mai karɓar saƙo. Tun 1905 John Langley na Jami'ar Kambirij ya ce lalle akwai wani abu a jikin tsoka mai wannan aiki. Ni makarɓi zan kira shi. Makarɓan asitilkolin iri biyu ne, kamar yadda aikin Henry Dale ya nuna a 1914: na zuciya daban, na tsokar gaɓoɓi daban. Na biyun zan bi, wanda nikotin na taba ke iya tayarwa.

Shi wannan makarɓi furotin ne mai ɓangare biyar, sun yi da'ira kamar mutum biyar sun kewaye akushi, tsakiyarsu ƙofa ce a rufe. A gefe yana da aljihu biyu. In asitilkolin ya cika duka biyun, sai ƙofar ta buɗe na wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sodiyam ya kwarara cikin tsoka, ta tsuke.

Me ya sa aljihun ke karɓar wani sinadari, ya ƙi wani? Emil Fischer ya kawo misalin kulle da mabuɗi a 1894. Mu Hausa ta sawwaƙa mana, don kuwa dabbar Loewi kwaɗo ce, abin kulle ƙofa ma kwaɗo ne. To, bari mu dubi haƙoran mabuɗin. Ƙwayar asitilkolin tana da kai, da wuya, da wutsiya. Kan dunƙulalle ne, naitirojin ne a tsakiya mai ɗauke da cajin lantarki, irin wanda masu gyaran wuta ke ce wa fozitif. A wutsiya akwai iskijin. A 1970 Beers da Reich suka lura cewa sinadaran da ke aiki a kan wannan makarɓi, tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare biyu kusan ɗaya ce, wajen nanomita 0.59, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. In aka zana nikotin da asitilkolin a allo, ba wanda zai ce sun haɗa dangi. Amma makarɓi bai dubi asali ba, tazarar haƙoran ya duba.

Masana sun daɗe suna zaton a cikin aljihun akwai caji kishiyar na kan, mai janyo shi. Da Titia Sixma da abokan aikinta a Holan suka fito da siffar wani furotin mai kama da shi daga jikin dodon koɗi a 2001, sai aka ga ɗan akwati ne, zobba biyar suka yi masa bango, tsakiyarsu kuwa daidai wurin zaman kan asitilkolin ne cif-cif. Shi ya sa in aka ƙara wa kan girma ko kaɗan, ƙarfin sinadarin sai ya faɗi.

Yanzu na zo kan gundarin maganata: shiga kwaɗo daban, murɗa shi daban. Akwai wani dafin kibiya na mutanen Kudancin Amurka, ana kiransa kurare. Claude Bernard na Faransa ya gwada shi wajen 1856, ya tarar jijiya lafiya lau, tsoka ma lafiya lau, amma saƙo ba ya wucewa. Kurare yana shiga aljihun sosai, sai dai ƙofa ba ta buɗewa. Dalili shi ne, a bakin aljihun akwai wani ɗan murfi. Asitilkolin ƙarami ne, yana shiga sai murfin ya rufo a kansa, wannan motsi kuwa ya bi jikin furotin har ƙofar, mai nisan wajen nanomita biyar. Kurare ƙato ne, ya tokare murfin. Ya zama mabuɗin da ya maƙale: shi bai buɗe ba, bai kuwa bar mai gida ya sa nasa ba. Tsokar numfashi ta tsaya, dabba ta mutu da hankalinta.

A nan ne, a ganina, misalin Fischer ya gaza. Kwaɗon ƙarfe ba ya rungumar mabuɗi, makarɓi kuwa yana yi. Hasali ma yakan buɗe da kansa jifa-jifa, ko babu kowa. Abin da asitilkolin ke yi shi ne, ya fi riƙe buɗaɗɗen da ƙarfi a kan rufaffen, sai ma'auni ya rinjaya wajen buɗewa. Akwai ma masu rabin murɗawa, irin su bareniklin, maganin barin taba da aka amince da shi a Amurka a 2006: yana ɗan tayar da makarɓin ƙwaƙwalwa, ya kuma tare wa nikotin wuri.

Likitoci sun ci moriyar wannan tun 1942, sa'ad da Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare a Montreal ta Kanada domin sassauta tsoka lokacin tiyata.

Macizai sun riga mu gano aljihun. A dafin dangin gamsheƙa da kumurci akwai wani furotin mai yatsu uku, da ke cusa na tsakiya cikin aljihun, ya ƙi saki. Wanda irin wannan dafi ya kama, fatar idonsa ke fara sauka, kana haɗiya ta gagara, kana numfashi. Wannan riƙo nasa kuma shi ya zama ƙugiya a hannun masana: da dafin wani maciji na Taiwan Jean-Pierre Changeux da abokansa suka tantance makarɓin a Faris a 1970, daga wani kifi mai lantarki na Kudancin Amurka, ba minjiryar kogunanmu ba.

Tunku fa, da ke faɗa da gamsheƙa? Ba zafin nama kaɗai gare shi ba. Sara Fuchs da abokan aikinta a Isra'ila sun nuna a 1992 cewa bakin aljihun makarɓinsa ya sha bamban da namu. Akwai wani reshen sukari da ya tsiro a wurin, ya ƙuntata hanya. Asitilkolin, da yake ƙarami ne, sai ya raɓa ya shige. Dafin kuwa, wanda ya ninka shi nauyi fiye da sau arba'in, sai ya ci tura. Ita kanta gamsheƙar da irin wannan reshe take tsira daga dafinta.