Masu Kare Jakuna, Kada Gwiwa Ta Yi Sanyi

Wanda ya wanke gyambon bayan jaki yau, gobe ya ga an sake lafta masa kaya, dole zuciyarsa ta gaji. Haka masu fafutukar kare dabbobi ke fama: barci ya gagara, rai ya ɓaci, wasu su watsar da aikin.

Kenya ta hana yanka jakuna a 2020, kotu ta soke hanin a 2021. Duk da haka masu fafutukar ba su karaya ba. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fatarsu, wadda ake kaiwa ƙasar Sin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba aikin tsakaninku, wanda ya gaji ya huta, sannan ya dawo.