Ciniki da Zaɓen Matasa a Ƙwallon Ostiraliya: Misalin Kulob ɗin Hawthorn

Kakar ƙwallon ƙafa irin ta Ostiraliya, wadda ake bugawa da ƙwallo mai siffar ƙwai, tana ƙarewa a ƙarshen watan Satumba da wasan ƙarshe a filin MCG na birnin Melbourne. 'Yan wasa su tafi hutu, amma a ofisoshin kulob goma sha takwas na gasar AFL a lokacin ne aiki yake kankama. A Oktoba ake buɗe kasuwar musayar 'yan wasa na kimanin kwana goma, a Nuwamba kuma a yi zaɓen matasa, wanda aka soma tun 1986. Abin da kulob ya yanke a waɗannan makonni shi zai ci moriyarsa, ko ya ɗanɗana kuɗarsa, shekara da shekaru.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai sai ya ajiye abin da ya sani a gefe, domin a nan ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Hajar kasuwar ita ce gurbin zaɓe, wato layin da kulob zai shiga ya ɗauki matashi ɗan shekara 18. Kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a teburi shi ke fara zaɓa, zakara ya jira bayan kowa, kuma ba a korar kowa zuwa ƙaramar gasa. Akwai iyakar albashi da ba a yarda a tsallake ba. Carlton ta tsallake, aka ci ta tara a 2002, aka kuma ƙwace mata gurbi na 1 da na 2. Ba a kuma musayar ɗan wasa sai da yardarsa. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin da zarar ɗan wasa ya ambaci kulob guda da yake so, hannun mai sayarwa ya ɗaure. North Melbourne ta ɗauki Jason Horne-Francis a gurbi na 1 a 2021, bayan shekara guda ya nemi komawa jiharsu, ya tafi Port Adelaide.

Tun ƙarshen kakar 2012 an ƙara wata ƙofa. Ɗan wasan da ya shekara takwas a kulob guda, kwantiraginsa ya ƙare, yana iya tafiya inda ya ga dama. Idan yana cikin masu albashi mafi tsoka kuma bai cika shekara goma ba, kulob ɗinsa na da damar biyan abin da aka yi masa tayi don ya riƙe shi ko ya tilasta ciniki. Hukumar AFL takan ba kulob ɗin da aka bari gurbin zaɓe a matsayin diyya.

Sai dokar ɗa da uba: matashin da mahaifinsa ya buga wa kulob wasa 100 ko fiye, wannan kulob ke da fifiko a kansa. Haka ma yaran makarantun horo na kulob huɗu na jihohin arewa, wato Sydney, Greater Western Sydney, Brisbane da Gold Coast. Tun 2015 da maki ake biyan fifikon nan. Kowane gurbi na da maki, na 1 yana da 3,000, na bayansa suna raguwa. A daren zaɓen 2022, da layi ya zo kan North Melbourne a gurbi na 2, sai ta kira sunan Will Ashcroft, wanda mahaifinsa Marcus ya buga wa Brisbane wasa sama da 300. Brisbane ta riga ta tara gurabe na tsakiya a kasuwar Oktoba domin wannan dare, nan take ta haɗa makinsu ta biya, ta ɗauke yaron. Shi ne aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe a 2024, ranar da Brisbane ta ɗaga kofi.

Waɗannan dokoki kowa ya san su. Abin da ke bambanta kulob da kulob shi ne tambaya guda da ake amsawa a ɗakin taro kafin a buɗe kasuwa: 'yan wasan da ke hannu, saura shekara nawa su kai ga kofi, kuma shekara nawa za su jima suna da ƙarfi? Tarihin Hawthorn ya nuna amsar da ta dace da wadda ba ta dace ba, daga kulob guda, a hannun mai horarwa guda.

A 2001 Hawthorn ta ba Fremantle 'yan wasa biyu, Trent Croad da Luke McPharlin, ta karɓi gurbi na 1, na 20 da na 36. Magoya baya sun fusata, domin Croad abin sonsu ne. Da na 1 aka ɗauki Luke Hodge, da na 36 kuma Sam Mitchell, wanda aka tsallake a zaɓen baya saboda ana ganin gajere ne marar gudu. A 2004, bayan kaka mai muni, kulob ɗin ya ɗauki Jarryd Roughead a na 2, Lance Franklin a na 5 da Jordan Lewis a na 7, Alastair Clarkson kuma ya karɓi horarwa. Aka bar yaran suka sha kashi suna koyo, har suka ci kofi a 2008.

Daga nan dabara ta sauya, kuma sauyin ya dace. Tun da ginshiƙai suna tsaye, kowace Oktoba sai a nemi mutum ɗaya ko biyu da za su toshe ɓaraka takamaimai. Shaun Burgoyne ya zo daga Port Adelaide a 2009, Josh Gibson daga North Melbourne a shekarar, Jack Gunston daga Adelaide a 2011. Mafi bayyana shi ne cinikin Brian Lake. Hawthorn ta sha kashi a hannun Sydney a wasan ƙarshe na 2012, kowa kuma ya ga tana buƙatar ƙaton mai tsaron baya da zai tare manyan 'yan gaba. Ta ɗauko Lake daga Western Bulldogs yana ɗan shekara 30, shekarun da kulob mai gini ba zai ko kalla ba. Shekara ta zagayo, Hawthorn ta doke Fremantle a wasan ƙarshe, Lake ne gwarzon ranar. Ko tafiyar Franklin zuwa Sydney a kan kwantiragin shekara tara ba ta karya su ba: albashinsa da ya rage a hannu ya ba da sarari, aka sake cin kofi a 2014 da 2015.

Kuskuren ya zo a 2016. Ginshiƙan sun tsufa, kulob ɗin kuma ya gane haka, tun da ya saki Sam Mitchell zuwa West Coast da Lewis zuwa Melbourne a kan gurabe na can ƙarshe. Amma maimakon ya koma zaɓen matasa, sai ya yi ƙoƙarin sayo sababbin ginshiƙai a kasuwa: Tom Mitchell daga Sydney, Jaeger O'Meara daga Gold Coast duk da ciwon gwiwarsa, sai Chad Wingard daga Port Adelaide a 2018. Ba 'yan wasan banza ba ne. Tom Mitchell ya ci lambar Brownlow ta gwarzon shekara a 2018. Sai dai kuɗinsu gurabe ne na sama. Shekara uku a jere, daga 2016 zuwa 2018, Hawthorn ba ta ɗauki matashi ko ɗaya a cikin arba'in na farko ba. Abin da ya biyo baya shi ne kulob mai dattawa a sama da yara ɗanyu a ƙasa, tsakiya wayam. Daga 2019 zuwa 2023 ba ta shiga zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya.

Ya kamata a yi adalci a nan. Geelong ta bi hanya mai kama da wannan ta dace. Ta ɗauko Patrick Dangerfield a 2015, ta ba Greater Western Sydney gurabe uku na zagayen farko a kan Jeremy Cameron a 2020, ta ci kofi a 2022 da tawaga mafi tsufa da ta taɓa cin sa. Bambancin shi ne Geelong ta ɗora waɗannan a kan Joel Selwood da Tom Hawkins da ke da sauran ƙarfi, ta kuma ƙware wajen tsinto gwanaye a gurabe na baya. Ba kowane kulob ke da wannan ido ba, don haka kwaikwayonta na da haɗari.

Hanyar faɗawa ƙasa don tara gurabe ma ba ta da tabbas. Melbourne ta samu gurbi na 1 da na 2 a 2009, aka zarge ta da sakaci da gangan, aka ci ta tarar dala 500,000 a 2013, kuma sai 2021 ta ga kofi. Matashi mai baiwa da aka jefa cikin tawagar da ba ta da manyan da za su kare shi yakan lalace, ko ya nemi tafiya.

Gyaran da Hawthorn ta yi ƙarƙashin Sam Mitchell, wanda ya dawo mai horarwa a 2022, ya fara da abu mai ciwo. A ƙarshen wannan kaka aka bar Tom Mitchell ya tafi Collingwood, O'Meara Fremantle, Gunston Brisbane. Kulob ɗin ya zo na 16 a 2023. Ya ɗauki Nick Watson a gurbi na 5, ya sayo Jack Ginnivan, Mabior Chol da Massimo D'Ambrosio a farashi mai sauƙi, ba tare da taɓa wannan gurbi ba. Kakar 2024 ta fara da rashin nasara biyar a jere, amma ta ƙare da matsayi na 7 da nasara a kan Western Bulldogs a zagayen neman kofi. Sai a lokacin, da yaran suka nuna sun isa, aka koma ga dabarar Brian Lake: Tom Barrass daga West Coast ta hanyar ciniki, Josh Battle daga St Kilda bayan ƙarewar kwantiraginsa, dukkansu masu tsaron baya.

Lissafin shekaru masu zuwa zai ƙara wuya. Kulob na 19, Tasmania, zai shiga gasar a 2028, kuma kamar yadda aka yi wa Gold Coast da Greater Western Sydney sa'ad da suka shigo a 2011 da 2012, za a ba shi kaso mai yawa na gurabe na sama. Kulob ɗin da ya jinkirta gininsa zuwa wannan lokaci zai tarar da layinsa ya ja baya, ko da shi ne na ƙarshe a teburi.