Jirgi Ɗaya Daga Kwali Biyu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti goma sha biyar in yi magana a kan abin da nake yi idan na taso daga ofis, sai da na yi jim. Waɗanda suka riga ni tashi sun yi bayani a kan noman rani da kiwon kaji, abubuwan da ke kawo kuɗi. Nawa kuwa cin kuɗi yake yi. Ga shi nan a kan tebur gabanku: ɗan jirgin sama na roba, faɗinsa bai kai tsawon rula ba, amma ya cinye mini wata bakwai. Na hango 'yan ajinmu can baya sun fara dariya. Ku yi abinku, uwargida ta riga ku.

Bari in fara da dalilin da ya sa na zaɓi wannan jirgi. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin lebura a filin jirgin saman Kano zamanin Yaƙin Hitila, yana gara gangunan mai. Yakan ba mu labari cewa jiragen Turawa a lokacin ayari suke zuwa, babba ɗaya a gaba, ƙanana na biye, kamar kaza da 'ya'yanta. Muna yara mun ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Sai da na gama jami'a na kama aiki, na ci karo da labarin a littattafan tarihi, na tarar tsoho bai ƙara ko gishiri ba.

Ga yadda abin yake. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, sai kai jiragen yaƙi Masar ta tekun Bahar Rum ya zame wa Ingila haɗari. Saboda haka suka koma loda jiragen gunduwa-gunduwa cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya sauke su a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, sa'an nan su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan ta Khartum har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940: jirgi mai jefa bama-bamai guda ɗaya samfurin Bristol Blenheim, da ƙananan jirage shida samfurin Hurricane. Hurricane matuƙi kaɗai yake ɗauka, shi kuwa Blenheim mutum uku, ciki har da mai duba taswira, shi ya sa yake jagora. Kazar da kakana yake faɗa ke nan, ita ce kuma wannan da ke gabanku.

Irin wannan ɗan jirgi a kwali ake sayar da shi, gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, kai ne za ka yanke, ka manne, ka yi fenti. A jikin kwalin an rubuta 1/72. Ma'ana, kowane inci ɗaya a nan yana madadin inci 72 a jirgin gaske. Fukafukan Blenheim daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 56 ne da inci 4, don haka nawa ya kamata su zama santimita 24 ba kaɗan.

Blenheim yana da kamanni fiye da ɗaya. Akwai Mark I mai gajeren hanci, akwai Mark IV wanda aka ƙara wa tsawon hanci don mai duba taswira ya sami wurin aiki. Mai dogon hancin nake so. Wani abokin aikina da ya je kwas Ingila ya samo mini kwalinsa. Ranar da na karɓa sai na manta shi a bayan mota, cikin zafin watan Afrilu, tun safe har la'asar. Da na buɗe, gangar jikin da sauƙi, amma fukafukan sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Ban da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Bayan wata biyu na sami wani kwalin ta intanet, na hannu, aikin wani kamfani dabam, shi kuma Mark I ne. Da yake faɗin fukafukan samfuran biyu ɗaya ne, kuma dukansu injin Bristol Mercury guda biyu suke ɗauke da shi, sai na ce ai magana ta ƙare: in ɗauki jiki da hanci daga kwalin farko, fukafukai da injuna daga na biyu.

To, a nan ne fa aka yi ta. Kwalayen nan biyu kowanne ya rantse 1/72 ne, amma da na kara fiffike a jikin jirgin sai ya ƙi zama. Harshen da zai shiga rami ya yi kauri, ta ƙasa kuma ga giɓi na wajen milimita 2. Kada ku raina milimita 2. A jirgin gaske ya haura santimita 14, ƙofar da mage za ta shige. Sai na ɗauki reza na shiga fiƙe fiffiken hagu da ido, ina yi ina karawa. Kafin in farga na zarce. Na manna na dama, na manna na hagu, na ajiye a kan tebur, sai ga jirgi ya karkace kamar jakin da aka ɗora wa mangala gefe guda.

Daren nan na tuna da malaminmu na zanen fasaha, wanda ga shi can zaune a layin gaba. Ranka ya daɗe, ko ka tuna abin da kake faɗa mana idan muka ja layi ba tare da rula ba? Mutane na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kai kuwa sai ka juya ta, ka ce ido ya san kima, amma fa ba mudu ba ne. A ajinmu na uku ka ba ni 38 cikin 100, na yi mako ina jin haushinka. Yau a gaban jama'a na yarda ban ci fiye da haka ba.

Kuskurena shi ne ina gwada kwali da kwali, alhali babu wanda ya cancanci zama alƙali a cikinsu. Jirgin gaske shi ne ma'auni. Sai na nemo zanen Blenheim mai nuna shi ta sama da ta gaba da ta gefe, na buga shi daidai da 1/72, na shimfiɗa kowane gutsure a kansa. Nan na ga inda kowane kwali ya dace da inda ya kauce. Na ɓamɓare fukafukan da ƙyar, domin gam ɗin wannan aiki narka robar yake yi ya haɗe ta. Na yanko siraran ɓallaye daga tsohon katin banki na cike inda na zarce. Na ratsa ƙaramar waya ta cikin jikin jirgin don ta riƙe fukafukan biyu a kusurwa ɗaya. Ragowar giɓin na shafe da fila irin ta masu gyaran jikin mota, na goge da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sau huɗu, kafin tabon ya ɓace. Tun daga ranar ban sake sa gam ba sai na gwada abu a bushe na ga ya zauna.

Sauran darussan da kuɗi na saye su. Sufagulu yana sa gilashin matuƙi ya yi hazo, farin gam na kafintoci shi ne daidai. Fenti kuwa, kada ka kuskura ka yi shi da hunturu taga a buɗe. Sai da na kankare shafin farko kakaf, domin ƙura ta mai da shi kamar bangon laka.

Ana cikin haka na karanta wani abu da ya sanyaya mini rai. Blenheim ɗin da aka farfaɗo da shi a Duxford ta Ingila, wanda ya sake tashi a watan Nuwamba 2014, shi ma haɗe-haɗe ne. Jikinsa na wani samfuri ne da aka ƙera a Kanada mai suna Bolingbroke. Hancinsa kuwa na wani Mark I ne da wani ma'aikacin kamfanin Bristol ya mayar da shi mota mai aiki da lantarki bayan yaƙi, ya yi shekaru yana hawa. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Na san wannan jirgi don kisa aka ƙera shi, kuma samari da yawa sun mutu a cikinsa da ƙarƙashinsa. Shi ya sa ban sa masa bam ko ɗaya ba. Abin da na sa a gefensa, in kun matso za ku gani, ɗan mutum ne mai tsawon santimita 2 da ɗoriya, ya duƙa yana gara ganga. Shi ba ya cikin kowane kwali. Da waya da fila na yi shi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Dukanmu nan mun yi motar kara da ta langalanga muna yara, ba wanda ya koya mana. Da muka zo wannan makaranta aka damƙa mana rula da zarto da kwamfas, aka nuna mana yadda ake aunawa. Ɗazu da safe na zagaya ɗakin koyon sana'ar nan. Na leƙa ta taga na ga karyayyun kujeru ne jibge a ciki, teburan aiki duk gara ta ci. Ban faɗi haka don zargin kowa ba, mu da muke aikin gwamnati mun san yadda kasafi yake. Amma ƙannenmu da 'ya'yanmu suna fita daga nan ba su taɓa yanka katako a kan layi ba.

Don haka ina roƙon Malam Shugaba ya sa gyaran ɗakin nan cikin ayyukan ƙungiya na bana: rufi, teburan aiki, da kayan awo da na yanka. A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai 'yan kasuwa, akwai mu 'yan albashi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na yi alkawarin rula da kwamfas na aji guda, da Asabar ɗaya kowane wata in zo in zauna da yara. Jirgin kuma na bar wa makaranta. Ina roƙon malamina ya karɓa a madadinta, ya sa rula ya auna, ya gaya mini ko yanzu na haura 38.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya maimaita mana.