Yaro da Kokowa: Abin da Iyaye Za Su Gani

Dattawan gari, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa ƴan ci-rani da wagga takarda za ta iske a Yamai, ko Kano, ko Abijan, muna gaishe ku da sunan malaman lakwal na garinmu.

Tun da anka kai hatsi rumbu, samari sunka share fage bayan kasuwa, yara kuma sunka bi su. Iyaye da dama sun zo sun tambaye mu: Mushe, mu bar yaro ya shiga kokowa, ko mu hana shi? Amsarmu ita ce ku bar shi, amma ku san abin da za ku gani.

Na farko, za ku ga ɗanku ya faɗi. Zai faɗi yau, ya faɗi gobe, ya dawo gida da rairayi a ka da hawaye a ido. Wannan ba abin kunya ba ne. Tun 1975, da anka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, mutum guda kaɗai ke komawa gida da shi. Jihohi 8 kowace ta aiko ƙarfafa 10, mutum 80 ke nan, 79 su koma ba takobi. Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinshi na 6 a Agadas ƙarshen 2023, shi ma akwai shekarun da ya koma ba takobi. To, ina ga yaro ɗan shekara 10? Uban da ya tari ɗanshi da gori, wai ya zubar da sunan gida, ya koya mashi ɓoye ciwo da neman nasara ta kowace hanya. Ku tambaye shi wace dabara anka kada shi da ita, ku ba shi ruwa ya yi wanka.

Na biyu, za ku ga rauni. Ƙurjewa da targaɗe ba su da makawa, amma akwai raunin da ya fi ƙarfin gida. Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Bakinshi, kusa da gaɓa, taushi gare shi, don daga nan yake tsawo, kuma ba ya gama ƙwari sai yaro ya kusa zama saurayi. In ya karye nan, ba a gyara daidai ba, hannu na iya girma a karkace.

Mun ga haka a ajinmu. Wani yaro ɗan shekara 11, anka haɗa shi da mai shekara 15 don ƴan kallo su yi dariya. Ya faɗi bisa hannu. Ubanshi na ci-rani, shi kuma yana tsoron faɗan kawunshi, sai ya ɓoye hannun cikin riga kwana 4. Mu ma da ke gabanshi ba mu lura ba, sai ran da munka ce ya fito tablo ya kasa ɗaga alli. Wannan laifi namu ne, ba mu ɓoye shi ba. Yaron ya yi asarar wata 2 na karatu, ya sake aji, har yau kuma gwiwar hannun ba ta miƙewa sarai.

Saboda haka ga alamomin da ba a jira da su. In wuri ya kumbura, yaro ba ya iya motsa shi ko taka shi, a kai shi likita ran nan. Ba mu raina masu ɗori ba, amma karaya kusa da gaɓa tana son a duba ta da hoto. In kanshi ya bugu, ya yi amai, ko jiri, ko barcin da ba a saba ba, ko ya manta abin da ya faru, a kai shi ko da dare ne, kuma kada ya koma fage sai likita ya yarda. In ya ce wuyanshi, kada a ja, kada a murɗa. Mai makero ko ƙazwa ya yi magani tukuna, don jiki da jiki ake kokowa.

Na uku, za ku ga ci ya ƙaru. Iyayenmu mata, kada ku yi mamaki in fura ba ta kai yamma ba. Hatsi, wake, nono, ƙuli-ƙuli da zogale, su ne ƙarfin ɗan kokowa, da ruwan sha kafin wasa da bayanshi. Ku ƴan ci-rani, mun san kuna aiko kuɗi a saya ma yaro guru da laya. Ba mu shiga tsakaninku da al'ada ba, amma in jikka biyu kunka aiko, a fara da wake. Abin da munka ƙi ƙwarai shi ne ƙwaya. Akwai masu ba yara tramol wai don kada su gaji. Tramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake rufewa, yaro ya ci gaba da wasa da rauni bai sani ba. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana kuma kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Duk wanda anka gani yana ba yaro, a kai maganar gun mai gari.

Na huɗu, za ku ga kai ya ɗan kumbura. Ran da makaɗi ya ambaci sunan yaro, mata sunka yi guɗa, anka jefa mashi dala ashirin, washegari karatu ya yi mashi nauyi. Nan ne aikinku da namu ya haɗu. Kokowa ta ƴan shekaru ce, gwiwa ɗaya in ta lalace ta ƙare, amma wanda ya iya karatu ya iya ke nan. Ɗan kokowar da bai iya karanta takardar da zai sa ma hannu ba, wani ne zai ci guminshi.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya ta tsaida:

1. A haɗa yara tsara da tsara, a duba shekaru da nauyin jiki.
2. Kada yara su yi wasa sai da babba tsaye, tsohon ɗan kokowa wanda zai fara koya masu faɗuwa kafin kayarwa.
3. A zuba rairayi mai laushi, a tsince dutse, ƙaya da kwalba, a yanke farce.
4. Wasan yara Asabar da Lahadi, bayan la'asar in rana ta yi sanyi.
5. Wanda bai zo lakwal ba cikin mako, ba ya shiga fage.
6. A aje wani abu cikin asusun ƙungiya don kai mai rauni asibiti, kada a jira saƙo ya zo daga nesa.

Dattawa, ku kunka yi kokowa tun ba a haife mu ba, ku kunka san yadda wanda ya yi kaye ke miƙa hannu ya tada abokin karawarshi. Muna roƙo ku zo ku zauna bakin fage, don yaro ba ya yin mugunta gaban kakanshi.

In mun yi kuskure a gafarce mu. Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi maido matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.