Mu Duba Rufi Kafin Damina

 

Bara ruwan Agusta ya shigar mana sito, masara da wake suka jiƙe, don ƙusoshi sun saki kwano ba mu sani ba. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta nuna mana a waya yadda ɗan jirgi mara matuƙi, irin na masu hoton biki, ke leƙa saman rufi ba tare da an hau tsani ba. To, mu ba mu da shi tukuna, amma muna da asusu. Mu ware kuɗin kafinta tun Afrilu, ya duba ƙusa, tsatsa da indararo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.