ƊAN DA AKA HAIFA A KURMI: NA WACE ƘASA NE?

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na ƙasar Kurfai

Batun wannan zama shi ne makomar yaron da aka haifa a ƙasar da iyayensa suke baƙunta: wace ƙasa ce tasa, kuma wane fasfo ya kamata ya riƙe?

Tafiya Kurmi tsohuwar al'ada ce ga Kurfayawa. Tun zamanin Turawa samarin Filinge da Shikal suke barin Dallol Boso bayan kaka, su nufi Kumasi da Akkara cin rani. Har bautar Babule, wadda ta ɓulla a Shikal a 1925, ta bi sawun matafiya zuwa bakin teku, inda Jean Rouch ya ɗauki hotonta a 1954. Wasu sun komo da damina, wasu kuwa sun yi aure a zango, sun haifi ƴaƴa da jikoki. Daga baya Legas da Abijan suka shiga cikin jerin.

Mutane da yawa suna zaton inda aka binne cibiyar yaro nan ce ƙasarsa. Haka dokar Amurka take, amma ƙasashen da Kurfayawa suke zuwa jini suke bi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a ƙasar yana zama ɗanta ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasar ne. Tsarin mulkin Gana na 1992 shi ma iyaye da kakanni yake dubawa. Kodibuwa kuwa, a 1972 ta soke damar da ɗan baƙi haifaffen ƙasar yake da ita ta neman zama ɗan ƙasa ta hanyar sanarwa kawai. Saboda haka yaron da aka haifa a Kumasi, uwa Bakurfaya uba Bakurfaye, baƙo ne a idon hukuma, ko da Asantanci ya fi Hausa zama a bakinsa.

Magabata sun ce baƙo raɓa ne, kuma tarihi ya gaskata su. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Gana, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa ganin garin ubansu ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Nijeriya. Ko babban mutum bai tsira daga tuhumar asali ba: a 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka kai shi Cadi da sunan wai baƙo ne, sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa.

To, me dokar Nijar ta tanada? Dokar farko ta zama ɗan ƙasa ta fito a 1961. Wadda ta maye gurbinta, mai lamba 84-33, an sa mata hannu ran 23 ga Agusta 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan yankin Filinge. A ƙarƙashinta uba ne yake ba ɗa ƙasa, kuma baligin da ya karɓi wata ƙasa da ganin damarsa ya rasa ta Nijar. An yi mata manyan gyare-gyare guda biyu. A watan Yuni na 1999 aka daidaita uwa da uba, ta yadda ɗan da ƴar Nijar ta haifa wa baƙo ya zama ɗan Nijar ta wajen uwarsa. Ran 5 ga Nuwamba 2014 kuma doka mai lamba 2014-60 ta halatta riƙe ƙasa biyu. Gana ta riga ta yi haka da gyaran 1996, Nijeriya kuma ta yarje wa ƴaƴanta na haihuwa a sashe na 28 na tsarin mulkinta.

Ma'anar wannan a fili take. Ɗan Bakurfaye da Bakatsiniya, ko a Legas aka haife shi ko a Filinge, ɗan Nijar ne ta uba, ɗan Nijeriya ne ta uwa, kuma babu dokar da ta tilasta masa zaɓen ɗaya ya yar da ɗaya. Iyayen da suke ɓoye asalin yaro don tsoron kada a ƙwace masa wata ƙasa, tsoron dokar da ta riga ta kau suke yi.

Haka kuma akwai baƙin da suke zaune a Kurfai, kamar ƴan gudun hijirar Mali da suka sauka Abala tun 2012, da fataken da suka daɗe suna cin kasuwannin yankin. Ɗansu na fari da aka haifa a nan ƙasar iyayensa yake bi. Amma dokar 1984 ta ce wanda aka haifa a Nijar, kuma uwarsa ko ubansa shi ma a Nijar aka haife shi, ɗan Nijar ne. Wato jikan baƙo ɗan gari ne, muddin akwai takardar da ta nuna inda aka haifi mahaifinsa.

A nan ne babban haɗarin yake. Yaro yana iya cancantar ƙasa biyu a doka, amma ya girma ba shi da shaidar ko ɗaya. Alƙali ba ya ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa sai ya ga takardar haihuwar yaro da ta mahaifinsa, kuma ba a samun fasfo ko shiga gasar ɗaukar ma'aikata sai da ita. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya nemi hukuncin alƙali tare da shaidu. Wanda ya haihu a waje, ya karɓi takardar ƙasar da yake zaune, sannan ya kai ta ofishin jakadancin Nijar a Akkara, Abijan ko Abuja, ko ƙaramin ofishin da yake Kano, a rubuta yaron.

Batun fasfo ya ƙara nauyi tun ran 29 ga Janairu 2025, ranar da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, aka kuma ƙaddamar da sabon fasfon ƙawancen AES. A lokacin CEDEAO ta ce za ta ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su shiga ba biza har zuwa wata sanarwa. Abin da aka bari har zuwa wata sanarwa kuwa ba tabbas ba ne. Ɗan kasuwar da ɗansa zai gaji rumfa a Kano ko Kumasi, idan yaron yana da haƙƙin ƙasa biyu, hikima ita ce a nema masa takardun duka biyun tun yana ƙarami. Ya shiga kowace ƙasa da fasfonta, ya fita da shi. A kuma kula sunan da ranar haihuwar su zama ɗaya a takardun: Aboubacar a rubutun Faransanci da Abubakar a na Ingilishi suna iya zama mutum biyu a gaban jami'in iyaka.

Nauyin ya rataya a wuyan kowa. Uba ya yi wa jariri takarda kafin ya sayi ragon suna, ko a Filinge ko a zango. Ma'aikacin ofishin magajin gari ya rubuta ɗan baƙo kamar yadda yake rubuta ɗan gari, domin takardar haihuwa haƙƙin kowane yaro ce. Sarakuna da limamai kuma su riƙa tambayar takardar a ranar suna. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raya zuri'a, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalam.