YAWON KEKE DAGA ƘOFAR KABUGA



Wannan jawabi a kan tafiya da keke ne cikin ƙasar da ke yamma da birnin Kano, watau wadda mutum ya kan shiga in ya fita ta Ƙofar Kabuga. Dalilin yinsa kuwa shi ne, tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya hau, mutane da yawa suka jawo kekunan da suka jingine a zaure suka kakkaɓe musu ƙura. Cikinsu akwai 'yan makaranta, da ma'aikata, da masu zuwa gaida iyaye a ƙauye, da samari masu son ganin ƙasa. To, ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa mai wuya, ba gangara mai ban tsoro. Wannan sauƙin nata shi ya kan ruɗi mutum ya fita ba shiri, har ya kwana inda bai yi niyya ba.

ƘOFAR DA ƘASAR DA KE BAYANTA

Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, aka faɗaɗa ganuwa ta yamma, daga Ƙofar Dukawuya zuwa Kabuga, daga Kabuga zuwa Kansakali. Ta wannan fuska ce kuma sojan Ingila suka shiga birni cikin Fabrairu 1903, Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato. Yanzu wurin ya zama babbar mararraba, har an yi wa motoci gadar ƙasa, kuma daga nan hanyar Gwarzo ta ke miƙewa.

In mai keke ya wuce gine-gine, sai ya shiga gonakin da aka daɗe ana nomawa kowace damina ba a bar su sun huta ba. Abin da ya riƙe su kuwa taki ne. Da, in rani ya yi, jakai su kan fita da takin birni cikin mangala, su komo da itace da hatsi. Cikin gonakin an bar itatuwa masu amfani, ɗorawa da kuka da tsamiya da rimi, da gawo mai zubar da ganyensa da damina ya tofo da rani. Mutanen Holan, da ƙasarsu ta ke a shimfiɗe kamar haka, kekunansu sun fi su yawa, sun kuma keɓe wa keke hanyarsa dabam. A nan mai keke da tirela hanya ɗaya su ke bi, saboda haka tilas hankalinsa ya zama shi ne shingensa.

HANYOYI UKU

Ta farko ta yini guda ce, ita ta dace da sabon shiga. Daga Kabuga sai Rijiyar Zaki, sai sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai Janguza inda barikin soja ya ke, sa'an nan Rimin Gado. Wanda ya tashi bayan sallar asuba ya kan isa da hantsi, ya huta, ya komo gida kafin magariba. Gaɓar da ta fi haɗari ita ce ta farko, daga ƙofa zuwa Janguza, domin nan ne motoci da A Daidaita Sahu su ka fi yawa.

Ta biyu ta zarce Rimin Gado, ta ratsa Garo, ta kai Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, watau mil 40 da 'yan kai. Mai keke da ɗan kaya a baya, in yana cin kilomita 12 a awa, sai ya yi awa 6 bisa sirdi, ban da tsayawar salla da cin abinci. Kada kowa ya ƙulla zuwa da komowa rana ɗaya. Ya shirya masauki tun daga gida.

Ta uku ta rabu a Janguza, ta bi ta Durum da Kabo zuwa Ƙaraye, inda madatsar ruwan Calawa ta ke, wadda aka gama a 1992. Wannan fuska tana da ƙananan madatsai da fadamu, mai tafiya zai ga lambunan tumatir da albasa da rake kore shar a tsakiyar rani. Tafiya ce ta wanda ƙafarsa ta riga ta saba, kuma gwamma a yi ta cikin ayari na mutum uku ko huɗu.

Tsakanin waɗannan manyan hanyoyi akwai burji da turbobi da burtali masu haɗa ƙauye da ƙauye. Su ne mafi daɗin bi, amma a jigawa rairayi ya kan kama taya, sai mutum ya sauka ya tura. Wanda bai san turba ba ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

LOKACIN FITA

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi kyau, an kawar da amfanin gona, turba ta bushe, rana ba ta da zafi ƙwarai. Amma ga abin lura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, saboda haka mai fita yamma tana tura shi ta baya, sai ya ga keke na gudu ba wahala, ya yi ta ƙara nisa yana jin kansa gwani. In ya juyo sai ta tare shi gaba da gaba, kuma a fili babu tudun da zai kāre shi. Kamata ya yi a ba komowa lokacin da ya fi na zuwa, a juya tun da sauran ƙarfi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Wanda tafiya ta zame masa dole ya yi ta da sassafe ko da la'asar. Ciwon kai da jiri da fitsari ja alamu ne ruwan jiki ya ƙare, sai a nemi inuwa a sha ruwa nan take. Da damina kuwa, musamman cikin Agusta, rafin da aka ƙetare a bushe da safe ya kan cika da yamma. Kada a ratsa ruwa mai gudu da keke, kada kuma a fake ƙarƙashin doguwar bishiya ita kaɗai a fili in ana tsawa.

SHIRIN KEKE DA GUZURI

Daren tafiya a duba birki gaba da baya, a sa wa kaca mai, a ɗaure sirdi da kariya, a gwada ƙararrawa da fitila. A riƙe famfo, da faci da sholisho, da tub ɗaya na ko-ta-kwana, da sifana. Tsidau da ƙayar aduwa sun fi ƙusa huda taya a ƙauye, mai faci kuwa sai a bakin kwalta ko ran kasuwa a ke samunsa. A ɗauki ruwa lita 3 ko fiye, a ƙara a rijiyar burtsatse. Kada gumi ya ja mutum ya faɗa kududdufi ko bakin madatsa wanka, domin a irin wannan ruwa a ke ɗaukar tsargiya, watau ciwon fitsarin jini.

DOKA DA LADABI

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 hannun dama a ke bi a Nijeriya, kuma dokar ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan direba. A bi gefen hanya a jere ɗaya bayan ɗaya, a miƙa hannu kafin a karya kwana, a sa tufa mai haske. Kama bayan babbar mota don ta ja mutum ganganci ne da rai. In magariba ta yi a sauka daga kwalta.

A ƙauye mai keke baƙo ne. Turbar da ya ke bi iyakar gonar wani ce, kada ya yanke ta cikin shuka. In ya tarar da dattijo a bakin aiki ya sassauta ya ce, "Sannu da aiki, Baba." In ya gamu da garken shanu a burtali ya sauka ya ba su hanya, kada ya kaɗa musu ƙararrawa. Kada ya ɗauki hoton mata ko na cikin gida sai da izini. In dare zai same shi, ya nemi mai unguwa ko dagaci tun da rana, ya faɗi sunansa da inda ya fito da inda za shi.

Wannan gabatar da kai ya ƙara zama wajibi, domin a 2025 ɓarayin daji sun kai hari wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kusa da iyakar Katsina, kuma mutanen karkara suna sa ido a kan baƙuwar fuska. Mai niyyar wuce Gwarzo ya nufi Dayi ko Shanono ya fara tambayar 'yan sanda da masu gari halin da hanya ke ciki. In an ce ya dakata, ya dakata. Kowane matafiyi kuma ya bar wa mutanen gidansa labarin hanyar da zai bi da ranar komowarsa.

Wanda ya kiyaye waɗannan abubuwa zai ga inda geron da ya ke ci ya fito, ya san mutanen da su ka noma shi, ya komo ta Ƙofar Kabuga da lafiyarsa, kuɗin motarsa kuma na aljihu.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.